Kafin ka murɗa totur: yadda muke shirya moto da gwajin tsere a rufaffen fili nan Kumasi

Tun bayan Sallah yaran bes ɗinmu na Aboabo suka sa ni gaba da tambaya, wai yaya, ya ake mutum ya kwantar da moto a kwana har gwiwa ta goge kwalta kamar su Marquez na gasar babura ta duniya MotoGP, wani ma cewa ya yi shi dai in gaya masa wane salansa zai saya a Magazin, unguwar fitoci da kayan gyara. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Salansa ƙara kawai zai ƙara maka, kuma abin da kuke yi a titin Aboabo ranar Sallah tsakanin pragya masu ƙafa uku da tsofaffi masu dawowa daga Idi ba tsere ba ne, neman gado ne a asibitin Komfo Anokye. Mu a rufaffen fili muke yi, wanda ba mota ba akuya ba ɗan makaranta, kuma rabin aikin tun a gida ake gama shi da sifana da geji da ɗan littafi.

Mu nan ba mu da irin Kyalami ta Afirka ta Kudu, to sai a yi da abin da ake da shi. Fili mai kwalta mai kyau da katanga ko get, a nemi izinin mai shi, a biya in ya ce a biya, ran Lahadi da sassafe. Kada ka rena ƙaramin fili fa. Valentino Rossi da ya ci kambun duniya sau 9 da 'yan ƙananan motocin kat da ƙananan babura ya fara yana yaro, Brad Binder ɗan Afirka ta Kudu da ya ci wa KTM tserenta na farko a MotoGP a Brno a 2020 shi ma ta kat ya biyo. Ni a ganina wanda ya fara da moto mai cc 150 ko 250 ko irin su R3 da KTM 390 ya fi saurin iyawa a kan wanda ya ɗauko R6 hom-yus, wato ta hannu daga waje, ya zo yana tsoronta, don ƙaramar moto in ka yi kuskure tana yafe maka, babba kuwa a take take biyanka.

Taya tukuna

Duk moton nan da nauyinka da komai, a kan wuri biyu take tsaye, kowane bai wuce faɗin tafin hannu ba. Shi ya sa nake farawa da taya.

Ka duƙa ka duba gefen tayar, akwai inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lamba 4. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a sati na 23 na 2019. Masu hom-yus zasu nuna maka zane su ce masa duba, sabuwa ce fil, amma roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, ka sa farce ka danna in ka ji ta kamar takalmin roba da ya kwana a rana ka bar musu abinsu. Ni duk wadda ta haura shekara 5 ba na shiga kwana da ita. Wadda tsakiyarta ya cinye ya zama shafal saboda tafiyar Ankara ita ma ba ta yi, za ka ji moto tana ƙin kwanciya sannan ta faɗa kwanar gaba ɗaya lokaci guda. Taya mai faci kuma a bar ta wa zuwa kasuwa.

Sai iska. Nan ne na sha ƙasa, bari in ba ku labari. Ranar da na fara zuwa, na tsaya wajen wani mai faci a hanya na ce ya ƙara min iska, ya buga ya buga ya sa babban yatsa ya danna ya ce ta yi. A zagaye na uku, kwanar hagu wadda ba ta kai komai ba, gaba kawai ya tafi ba sallama, na ji ni ina jan ƙasa ina kallon motona tana juyi a kan fedal tana fitar da tartsatsi. Hannun kuloci ya karye, safar hannuna ta hagu ta huje daidai tafin. Da aka sa geji tayar gaba psi 45 take nunawa, psi shi ne ma'aunin iskar taya. A aboboya, mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya, aka kai ta Magazin, maigidana ya kalle ni ya kalli moton ya ce kai da ka sayi hular sidi nawa ka kasa sayen geji? Tun ranar geji na cikin aljihun jakata.

Manyan motocin gudu da yawa littafinsu yana cewa 36 gaba 42 baya, wannan na titi ne da goyo da kaya. A fili ana ragewa, da tayar titi wajen 30 gaba 30 baya ake farawa tana sanyi, don in ta ɗau zafi iskar ciki tana kumbura, kusan psi 1 a duk digiri 5 zuwa 6. Ka auna da safe kafin ka hau ka rubuta, in ka fito daga zagaye ka auna nan take kafin ma ka cire hula. In ta ƙaru da 3 zuwa 5 kana daidai. In ta yi tsalle da 7 ko 8 iskar ta yi kaɗan ne, tayar na lanƙwasa da yawa tana dafa kanta, ƙara 1. In kusan ba ta motsa ba, ta yi yawa, rage 1. Masu Boxer da Haojue da duk mai tiyub, wannan lissafin 30 ɗin ba naku ba ne, ku tsaya kan abin da kamfani ya rubuta a jikin moton, in an rage ma kada ya wuce 1 ko 2, don taya mai ƙarancin iska tana iya zamewa kan rim ta tsinke bakin tiyub.

Birki

Man birki yana shan ruwa daga iska, kuma kowa ya san laimar Kumasi. DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa a wajen 155 ma sai ya tafasa, in ya tafasa kuwa hannun birki zai zo har jikin roba moto tana tafiya abinta. In ka leƙa 'yar tagar ka ga man ya koma kalar ataya, ko ba ka tuna yaushe aka canza ba, canza shi kawai, daga sabuwar kwalba da ba a buɗe ba. DOT 4 da 5.1 suna haɗuwa, DOT 5 kuwa wani abu ne daban na silikon, kada wani ya zuba maka wai lambarsa ta fi girma. Fad in ya cinye rabi ni sabo nake sawa. Sannan ka sassauta noti ka juyo hannun birki da na kuloci ƙasa kaɗan yadda in ka zauna ka miƙa yatsu za su faɗa kai ba sai ka karya wuyan hannu ba, wannan gyaran kyauta ne amma mutane kaɗan ke yi.

Sauran ƙananan abubuwa da sauri. Cen kada a ɗaure ta tamau, yawanci wasan milimita 25 zuwa 35 ake bari amma duba sitikar da ke jikin moton, in ta yi tauri tana hana shokozoba aiki kuma tana cin boris. Totur in ka sake shi ya koma da kansa ko ka juya kai dama ko hagu. Madubi a cire, fitila a manna mata salatif saboda kwalba. Kusar bakin mai a tabbatar ta ɗauru, masu tsere ma huda ta suke su ɗaure da waya. Kuma in da hali a zuba ruwa zalla a lagireto maimakon koren ruwan nan, don in ya zube a kwalta santsinsa ya kusa na mai, mu dama ba ƙanƙara muke da ita ba, sai dai in an gama a mayar saboda tsatsa.

Shokozoba, inda kowa ke tsoron taɓawa

Abin da za ka fara aunawa shi ne lotsawa, wato yadda moto ke nutsewa in ka hau, masu tsere suna ce mata sag. Mutum uku ake buƙata da tef na awo irin na kafinta. A manna ɗan salatif a jikin wutsiyar moto daidai saman kusar tayar baya. A ɗaga bayan har taya ta bar ƙasa, a auna daga kusar zuwa salatif, a rubuta, a ce an samu 500. Sai ka hau da hularka da jaket da komai, ƙafa biyu kan fedal, mutum ɗaya ya riƙe kan moton, ka ɗan girgiza ta ta zauna, na uku ya sake aunawa. In an samu 470, lotsawarka milimita 30 ke nan. Haka za a yi a gaba, a bi tsawon sandar. Abin da ake nema a fili wajen 30 zuwa 35 a gaba, 25 zuwa 30 a baya, ko ka riƙe a kai cewa kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na duk tafiyar shokozobar.

In ta lotsa da yawa sai a matse sifirin, shi ne firilod, a ƙananan motoci wani zobe ne mai matakala a shokozobar baya da ake juyawa da lanƙwasasshen sifana. Ga wani abu da ko wasu fitoci ke ruɗewa a kai: matse firilod ba ya sa sifirin ya yi tauri, ɗaga moton kawai yake. Shi ya sa bayan ka gama ka sauka ka ɗaga wutsiyar da hannu, ya kamata ta ɗan taso milimita 5 zuwa 10. In ba ta taso ko kaɗan ba, sifirin ya yi maka laushi, ka matse shi har ƙarshe ne don ya ɗauke ka, wani za ka nema ko kuma ka rage waakye.

Ga dabarar da ba ta cin ko sidi ɗaya. Ka ɗaura ɗan belin roban nan da masu wayarin ke ɗaure waya da shi a sandar shokozobar gaba, ka tura shi jikin roba. In ka dawo daga zagaye ka duba inda ya tsaya, nan ne iyakar nutsewar gaba lokacin birki. In ya kai ƙarshe tas, gaba na buga ƙasa ke nan, kuma a nan taya ke zamewa, ka ƙara firilod ko kwamfireshan, sukurun da ke riƙe saurin nutsewa. A samu ragowar kamar milimita 10.

Masu manyan motoci kuna da ƙananan sukurori guda biyu, kwamfireshan mai riƙe saurin nutsewa da ribaun mai riƙe saurin tasowa. Kafin ka taɓa, juya kowane dama a hankali kana ƙirga ƙas ƙas har ya tsaya, kada ka matsa da ƙarfi allura ce a ciki, rubuta adadin, mayar da shi inda yake. Yanzu ko ka ɓata kana da hanyar gida. Gwajin ribaun: riƙe birki ka danna gaba da ƙarfi ka saki, ta taso cikin kamar daƙiƙa ɗaya ta tsaya. In ta taso ta sake komawa kamar kwale-kwale a Bosomtwe, rufe ƙas 2. In tana tasowa kamar tsoho daga tabarma, buɗe 2. Masu ƙananan motoci da ba su da sukurorin, ku canza man shokozobar gaba kawai, akwai moton da tun daga jirgi ba a taɓa buɗe ta ba, abin da zai fito baƙi ne mai wari, kuma bambancin za ka ji shi tun daga get ɗin fita.

Dokar dai ɗaya ce, abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Ka rage iska ka juya ribaun ka matse sifirin duk a tare, in ta gyaru ba ka san wanne ya gyara ba, in ta ɓaci ma haka. Ni littafin 'yan makaranta mai layi nake amfani da shi, duk ya sha bakin mai, ina rubuta rana, zafin gari, iska sanyi da zafi, ƙas nawa, da abin da na ji. Maganar sifoket kuma, a ƙaramin fili rage haƙori ɗaya a gaba yana taimakawa, daga 15 da 45 zuwa 14 da 45 ja zai ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, amma wannan sai ka yi wata biyu kana zuwa.

Kaya: hula mai rufe haɓa, mai tambarin ECE 22.05 ko 22.06, wadda ba ta taɓa bugun ƙasa ba, ba irin kwanon da ake ba da kyauta in an sayi moto ba. Safar hannu ta fata mai rufe wuyan hannu, takalmi mai rufe idon sawu, rigar fata ko jaket da wando masu kariya, da abin kare gadon baya. Na san akwai zafi, wallahi na sani. Wanda ya zo da jins da silifa mu ba shi tuta ya riƙe.

A cikin filin

Ku fara da tsintsiya. Da gaske nake. A zaga da ƙafa a share yashi da tsakuwa, a duba inda mota ta ɗigar da mai, lokacin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana kwanciya a kwalta cikin dare kamar an barbaɗa gari. A tsara kwanoni da kon na roba yadda in mutum ya faɗi zai ja ƙasa zuwa sarari ba zuwa katanga ko kwata ba, in kwana ta fuskanci bango a canza ta ko da ita ce ta fi daɗi.

Zagaye biyu na farko na ɗumama taya ne. Karkaɗa moto dama da hagu da kuke gani ana yi ba ya ɗumama komai sosai, ba da wuta da taka birki a miƙe su ke yi.

Darasi na farko birki ne, ba kwana ba. Sa kon ɗaya, zo da gudun kilomita 30 a awa, matsa birkin gaba da yatsa biyu, a hankali da farko har gaba ya nutse sannan ka ƙara ƙarfi, kamar kana matse lemo ba kamar ka cafke ɓarawo ba. A yi alama da alli inda ka tsaya. Yi sau goma, sannan 40, sannan 50. Za ka gani da idonka in gudu ya ninka biyu nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa. Kuma ka sani a 100 kana cin kusan mita 28 a duk daƙiƙa ɗaya. Yawancin ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, wannan maganar da ake gaya wa yara wai kada ka taɓa na gaba zai wuntsila ka, ita ta kwantar da mutane da yawa.

Na biyu, ka zaɓi giya ɗaya, ta biyu ko ta uku, ka yi ta zagaye ba canji kuma ba birki. Zai ba ka haushi, za ka ji kamar kana kan keke, amma a nan ne ido ke koyon aikinsa. Moto inda ka kalla take zuwa. In ka zuba wa kon ido don kada ka buge shi, to shi za ka buge. Kafin ka shiga kwana idonka na kan cikinta, kafin ka kai cikin idonka ya riga ya tafi mafita, kuma da haɓa ake juyawa ba da ƙwayar ido kawai ba.

Juyawa kuma da tura hannu ake yi: za ka dama, tura hannun dama gaba, za ka hagu, tura na hagu. Na san abin kamar a juye yake amma duk mai moto yana yi bai sani ba, in ka fara yi da gangan za ka ji ta kwanta kamar an ba ta umarni. Shiga daga waje, taɓa ciki, fita waje. Kuskuren kowane sabo shi ne saurin shiga, tsoro ke jawo shi ciki tun da wuri sai ya tarar fili ya ƙare masa a mafita. Ka ɗan jinkirta, ka taɓa cikin bayan tsakiyar kwanar, sai ka ga hanya ta buɗe. Da zarar ta gama kwanciya ka fara buɗe totur kaɗan kaɗan ba tsayawa, kana tayar da ita kana ƙarawa. Ƙara kwanciya da ƙara wuta lokaci guda, wannan shi ke jefa mutum sama.

Zama: tsinin ƙafa kan fedal, gwiwa ta riƙe tanki, hannu sake har ka iya kaɗa gwiwar hannu kamar kaza. Ka zamo da rabin mazauni ciki tun kafin birki, kai ya bi wajen da madubi yake da. Gwiwa za ta taɓa ƙasa da kanta wata rana, wanda ke miƙa ta yana nema shi ne za ka ga a hoto jiki a waje moto a tsaye.

Dokokinmu ba su da yawa amma ba a ɗaga wa kowa ƙafa, ko ɗan mai filin ne. Kowa hanya ɗaya yake bi. Ba tsayawa a ciki, ba waiwaye. Za ka fita ka ɗaga hannun hagu tun da nisa. Mai wucewa shi ke da alhakin wucewa lafiya, sababbi kuma ta waje kawai ake wuce su, da tazara. Tuta rawaya a rage gudu ba wucewa, ja kowa ya fito a hankali, ko ƙyallen atamfa ne a kan sanda ya wadatar in dai kowa ya san ma'anarsa. Mota ɗaya tana tsaye da makulli a jiki da akwatin magani, lambar gaggawa 112 ce. In wani ya faɗi, mai tuta ya tsayar da kowa tukuna, kada a ja shi kada a cire masa hula sai in numfashi ya tsaya, mun san halinmu na taruwa a ɗaga mutum ana sannu sannu, a wuya ko gadon baya wannan ɗagawar ita ce ɓarnar.

Minti 15 zuwa 20 ya isa shiga ɗaya, a fito a sha ruwa a zauna a inuwa. Agogo kuma ka manta da shi sai zuwa na huɗu ko na biyar. Kuma in ka ji bakinka ya ce bari in yi na ƙarshe, chale cire hular kawai, ni dai yawancin faɗuwar da na gani da idona ko a zagayen farko ne taya na sanyi ko a wannan na ƙarshen da rana ta take mutum ya gaji.

Kafin ka kama hanyar gida ka mayar da iskar titi, ka ɓare salatif daga fitila, ka ɗaura madubi, don 'yan sandan hanya na MTTD ba ruwansu da sag ɗinka. Mai zuwa ran Lahadi ya zo da gejinsa da littafi da tsintsiya ɗaya, tef ɗin awo ina da shi.